Wace Manhaja Zan Koya? Amsar Maigida ga Yaron Sutudiyo

Ka tambaye ni wace manhaja ya kamata ka ɗora a kwamfutarka don tsara kiɗa da ɗaukar murya, sannan ka ƙara da cewa wani abokinka ya yi maka alkawarin zai zuba maka guda huɗu kyauta a filashi. Da tambayarka ta tsaya a rabinta na farko, yaro, da na ce ka buɗe idonka ka ga abin da nake aiki da shi kullum ka bi sawu. Maganar filashin nan ce ta sa zan ba ka amsa mai tsawo, domin ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba.

Zaɓen kansa ba shi da wuyar da kuke ba shi. Idan kiɗa za ka riƙa ginawa daga tushe, da ganguna da fiyano na cikin kwamfuta, FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam ta fi saurin shiga hannu, kuma wanda ya saye ta sau ɗaya yana samun sababbin fitowarta ba tare da sake biya ba. Sai dai ka sani cewa ƙaramar fitowarta ba ta ɗaukar murya ta makirufo, kuma wadda ake bayarwa don gwaji za ta bar ka ka ajiye aiki amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya. Idan murya da kayan kiɗa na hannu ne abincinka, to Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus ita ce nake kai, tun lokacin da ku ba ku san ana yi ba. Ta fito a 1989, kuma mutanenta ne suka ƙirƙiro tsarin VST a 1996, wanda yawancin ƙananan manhajojin gyaran sauti suke tafiya a kansa har yau. Pro Tools ita ce ta manyan ɗakunan ɗaukar sauti da na fim. Logic ba ta tafiya sai a kan kwamfutar Apple, tun da kamfanin ya saye ta a 2002, saboda haka kada ka ɓata mini lokaci da ita alhali ba ka da Mac. Ableton Live ta fi dacewa da mai kiɗa a kan dandamali, Reaper kuwa ba ta da nauyi, tana tafiya ko a kan kwamfuta mai rauni, kuma ana ba ka kwana 60 ka gwada ta cikakkiya. Yadda ake ɗora manhaja da yadda ake jona makirufo ba zan tsaya a kansu ba, wanda bai iya wannan ba bai kamata ya tsallako ƙofar sutudiyo ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne, aikin da aka ajiye a wata manhaja ba ya buɗuwa a wata, kuma ko a manhaja iri ɗaya ba zai buɗu daidai ba sai duk ƙananan manhajojin da aka yi amfani da su suna nan, da duk sautukan da aka ɗebo daga wani wuri. Pro Tools tana karɓar ƙananan manhajoji na tsarin AAX ne, Logic kuma na tsarin AU, ba su san VST ba. A nan ne aka cuce ni.

Wani mawaƙi ya zo mini da kundin waƙoƙi da aka fara masa a wata sutudiyo aka kasa ƙarasawa. Ya rantse mini cewa ya sallami mai wancan wurin, kuma komai na cikin filashin da ya kawo, abin da ya rage kawai haɗa sauti da tace shi. Muka yi ciniki a kan wannan, ya ba da ɗan kafin alƙalami, ya ce sauran kuɗin suna hannun wanda yake ɗaukar nauyinsa. Da na buɗe aikin sai na tarar da kango. An yi shi ne da manhajar sata, wadda aka fasa makullinta, an kuma lafta masa ƙananan manhajoji na sata waɗanda ni ba ni da su kuma ba zan ɗora su a kwamfutata ba ko da za a yanka ni. Waƙa ta farko ta buɗe ba gangunanta, ta biyu fiyanonta ya ɓace, wata ma da zarar an taɓa ta sai manhajar ta rufe kanta. Muryoyin kuwa an ajiye su a MP3, an matse su har siraran sautukansu na sama suka tafi, kuma abin da MP3 ta zubar babu injiniyan da zai iya dawo da shi, komai ƙwarewarsa.

Na kira shi na nuna masa, ya dafa kai, ya roƙe ni da girman Allah kada in bar shi ya ji kunya, ya ce duk abin da aikin ya ci zai biya. Na zauna na sake gina kiɗan nan gaba ɗaya da kunnena, daga wata tsohuwar kwafi mara kyau da ke cikin wayarsa, ina saurara ina bugawa a kan fiyano gaɓa bayan gaɓa. Na ɗauko mai jita da mai ganga na biya su daga aljihuna, na sake ɗaukar muryarsa baiti bayan baiti, na zaɓi mafi kyau daga kowace ɗauka na ɗinke su yadda babu wanda zai gane wurin ɗinkin. Watanni na yi ina mayar da wasu masu aiki baya saboda shi, mutanen da suka zo da kuɗinsu a hannu. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ina faɗa maka wannan ne da sanin abin da nake faɗa.

Da aka kusa gamawa sai ya ɗauki ranar da ya san ba na nan, ya zo ya sami yaron da yake kan kujerarka a lokacin. Ya ce masa mai ɗaukar nauyin yana so ya ji aikin kafin ya saki kuɗi, kuma wai ni na ce a ba shi kowane layi daban, ganga daban, jita daban, murya daban. Yaron nan bai kira ni ba, bai ma yi tunanin cewa mai son jin waƙa ba ya buƙatar layukanta a rarrabe ba. Ya fitar masa da su duka a WAV mai tsabta, wato sautin da ba a matse ba, ya zuba masa. Tun daga ranar wayar mawaƙin ta daina shiga. Bayan wani lokaci sai ga kundin ya fito, da kiɗana da ɗinkina da jitar da na biya, an ɗan ƙara masa amsa-kuwwa a wani wuri an rubuta sunan wani a matsayin wanda ya tsara kiɗa. Daga baya na ji cewa mai sutudiyon farko ma ba a biya shi ba, shi ya sa ya riƙe sautukan. Kuɗin sun yi mini ciwo, amma sunan nan da aka kankare ya fi ci mini rai, domin har yau ana yaba wa wani da aikin hannuna.

Duk wannan bala'in daga manhajar sata ya faro. Da an yi aikin farko da manhaja mai lasisi an kuma ajiye shi yadda ya kamata, da aikin kwana kaɗan ne, da ban zuba rayuwata a ciki ba har wani ya samu abin da zai sace. Waɗanda suke fasa manhajar nan ba don suna ƙaunarka suke yi ba, sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta take zuwa, kuma ranar da ta ƙi buɗe aikin mutane babu kamfanin da za ka kai wa kuka. Ku yaran yanzu kuwa kun mayar da tara manhajoji abin alfahari. Ka ga yaro da guda biyar a kwamfuta, bai san ɗaya ba har ƙarshenta, yau ya kalli wani a YouTube ya koma wannan, gobe ya ga wani ya koma waccan, yana ɗaukar sautin da wani ya riga ya shirya yana mannawa yana kiran kansa furodusa. Ka ce masa ya gaya maka a wane maɓalli waƙa take, sai ya kalli allon kwamfuta maimakon ya saurara. Mawaƙi ya yi kuskuren murya, maimakon a ce ya sake, sai a danna masa Auto-Tune, manhajar daidaita murya, har ya koma kamar inji.

Ka zaɓi guda ɗaya, ka saye ta da sunanka, ka zauna a kanta har hannunka ya san wurin komai ba tare da ka duba ba. Tunda a wurina kake kuma murya muka fi ɗauka, ka fara da ƙaramar fitowar Cubase, sau da yawa ma tana zuwa kyauta tare da na'urar shigar da sauti. Ka yi aiki da direban ASIO na na'urar, wato manhajar da take haɗa ta da kwamfuta, ka sa bafa, wato saitin da jinkirin sauti ya dogara da shi, a 128 lokacin ɗaukar murya don kada mawaƙi ya ji muryarsa tana makara a kunne, ka ɗaga ta zuwa 1024 lokacin haɗa sauti. Ka ɗauki komai a WAV, bit 24, a kan 48 kHz, ka ajiye kowane aiki a wuri biyu. Duk wanda ya kawo maka aiki daga wata sutudiyo, ka ce ya zo da layukan a rarrabe, kowanne ya fara daga gaɓar farko, da saurin kiɗan a rubuce da fayil ɗin MIDI mai ɗauke da bayanin abin da aka buga, kuma ka buɗe su a gabansa kafin a yi maganar ciniki. Wanda bai gama biya ba kuwa MP3 guda ɗaya za ka ba shi ya saurara, da muryar sutudiyo tana ratsa ta lokaci zuwa lokaci. Layukan ba sa fita daga ɗakin nan sai da bakina, ko da mutum ya ce maka ni na aiko shi. Filashin abokin naka kuma ka mayar masa da abinsa yau, kada in gan shi kusa da kwamfutata.