Tambaya da Amsa: Shekarar 1779 a Tsohon Littafin Waƙoƙin Methodist

TAMBAYA: Malam, ina tara tsofaffin littattafan waƙoƙin ibada na ɗariƙar Methodist, kuma kwanan nan na samu wani mai baƙin bangon fata da ruwan zinariya a gefen shafuka. An rubuta 1779 a ƙarshen gabatarwarsa. Shin bugun farko ne na samu? Sannan fatar ƙashin bayansa tana barin jan gari a hannu, ko in shafa mata mai?

AMSA: Malama, wannan shekara ta sha ruɗar masu tara littattafai. John Wesley, wanda ya kafa wannan ɗariƙa ta Kirista, ya sa hannu a gabatarwar ne a Landan ranar 20 ga Oktoba, 1779, littafin kuma, wato A Collection of Hymns for the Use of the People Called Methodists, ya fito a 1780 da waƙoƙi 525, mafi yawansu na ƙanensa Charles ne. Sai dai masu ɗab'i sun ci gaba da maimaita gabatarwar da kwanan watanta har fiye da shekara ɗari bayan haka, saboda haka ganinta bai tabbatar da komai game da shekarun littafinki ba.

Ki fara da ƙirga waƙoƙin. An yi wa littafin ƙari a 1831, aka sake yi masa wani a 1876 wanda ya kai jimillar fiye da dubu, don haka idan lambobin sun zarce 525 nesa, to na ƙarni na 19 ne a hannunki. Ki duba shafin take kuma: idan sunan John Mason ya bayyana, shi ne ya kula da ɗab'in ɗariƙar daga 1827 zuwa 1864. Akwai wata alama da nake matuƙar so, wato doguwar "s" mai kama da "f", wadda masu ɗab'in Ingila suka daina amfani da ita wajen 1800, don haka idan babu ita a littafinki, da alama na baya ne. Idan har yanzu kina shakka, ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchester ne ke riƙe da kundin tarihin ɗariƙar a Birtaniya.

Ko da ya zama na baya ne, kada ki raina shi. Irin waɗannan masu bangon fata da ruwan zinariya galibi a matsayin kyauta ake bayar da su, kuma rubutun hannun da ke shafin farko, sunan mai shi da shekarar da aka ba shi, wani lokaci ya fi bangon daraja a wurina.

Batun mai kuwa, don Allah kada ki shafa. Jan garin nan alama ce ta cewa asid ya riga ya cinye fatar, abin da ya yawaita a fatun ƙarni na 19 saboda yadda aka jeme su da kuma hayaƙin fitilun gas na wancan zamani. Mai zai baƙanta ta ne kawai, ya kuma ratsa zuwa takarda. Ki ajiye littafin a kwance cikin akwatin kwali marar asid, nesa da rana da danshi, har ki samu ƙwararren mai gyaran littattafai ya duba ƙashin bayan.