Jikokina marayu ne, ya zan yi kada su tashi a tutar babu?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Wuse, shekaruna 68. Ina da gidan da muke zaune a Kubwa da wasu ɗakunan haya a Dutse Alhaji. Babban ɗana ya rasu ya bar yara uku, ni nake riƙonsu. An ce mini ba su da gadona tunda baffanninsu na raye. Ina kuma son uwargida ta riƙe gidan Kubwa bayan raina. Mece ce mafita, kuma gwamnati na cire haraji a gado?

Amsa: Alhaji, Allah Ya jiƙan mamacin, Ya raya abin da ya bari. Gaskiya aka faɗa maka. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, ɗa namiji da ke raye yana kange jika. Amma wannan kangewar ita ta buɗe musu ƙofar wasiyya, domin wanda ba magaji ba ne ake yi wa wasiyya, har zuwa sulusin dukiya. Ana fitar da ita bayan kuɗin jana'iza da bashi, kafin a fara rabo. Sai ka rubuta, ka ambaci sunan kowane yaro da abin da ka ware masa, ka sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da kaso a ciki, a ajiye kwafi a sashen rajistar wasiyya na Babbar Kotun Abuja.

Ni dai na fi so ka ba su tun kana da ƙarfinka. Kyautar mai lafiya ba a ƙayyade mata sulusi. Sharaɗinta hauzi, wato abin ya bar hannunka da gaske. Idan ɗakunan Dutse za ka ba su, a rubuta takardar kyauta, a sauya suna a takardun fili ta ofishin da ya dace, a gaya wa ’yan haya cewa daga yau kuɗin na yaran ne. Da yake ƙanana ne, ka naɗa amintattu biyu su riƙe musu, a zayyana a takardar amana yadda za a biya kuɗin makaranta da shekarun da za a damƙa musu abinsu. Na sha ganin kyautar baki ta rushe a kotu saboda mai ita ya ci gaba da karɓar haya har ya koma ga Allah. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, sulusi ne iyakarta.

Batun Hajiya ya fi sarƙaƙiya. Magajiya ce, tumuni take da shi tunda akwai ’ya’ya, saboda haka wasiyya gare ta ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda bayan rasuwarka. Kyautar gidan ma akwai tarko: malaman Malikiyya ba sa ɗaukar hauzi ya tabbata idan miji ya ba matarsa gidan da suke ciki, ya kuma ci gaba da zama har ya mutu, domin shi ke da nauyin ba ta muhalli. Abin da ya fi tsira shi ne ka mallaka mata wata kadara daban wadda za ta karɓa ta juya da kanta, ko ka tara ’ya’yanka a yi maganar gidan a sarari.

Wani lauya zai iya ce maka dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 tana aiki a Abuja, kuma a 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta tabbatar da wasiyyar Musulmin da ya bi ta duk da ta saɓa rabon Musulunci. Haka ne. Ban ba ka shawarar bin wannan hanya ba. Za ka bar wa iyalinka shari'a, kai kuma da nauyi a wuya.

Haraji kuwa, kwantar da hankalinka. Na kashi 40 cikin 100 da kake ji labarin Ingila ne. Namu da aka kafa a 1979 an soke shi tun 1996. Abin da magada ke biya shi ne kuɗin kotu wajen karɓar takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda banki ke nema kafin ya saki kuɗi, da kuɗin rajistar sauya sunan fili. Sunan makusanci da ka cike a fam ɗin banki bai mai da kowa magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai.

Kafin ka je wurin lauya, haɗa takardun gidajen biyu, da jerin bashin da kake bi da wanda ake bin ka, har da kayan da ’yan kasuwa suka ajiye a shagonka. Ka tafi da malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, a yi lissafin sulusin a gabanka.