Ina da SEP, an ce in kwanta a riƙa gasa min ƙafa: motsi zai ƙara min ciwo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, ina unguwar Zariya a Maraɗi. Bara aka yi min hoton IRM, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, a Yamai aka ce ina da SEP, cutar nan mai cin rigar jijiyoyi. Yanzu da sanda nake tafiya. In na ɗan zaga tsakar gida sai ƙafafuna su mutu, idona ya yi hazo. Uwar mijina ta ce sanyi ne, in kwanta a riƙa gasa min da ruwan zafi. Ina tsoron kada motsi ya ƙarasa ni.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Motsi ba ya ƙara wannan cutar, kuma ba ya tada ta. Kwanciyar ce nake ji miki tsoro.

Mutuwar ƙafa da hazon idon nan zafin jiki ne ke kawo su, motsi kuwa yana ɗumama jiki. Jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta jure ɗumi. Ko da rabin digiri zafin jiki ya ƙaru, saƙon da jijiyar ke ɗauka sai ya kasa wucewa. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana haka tun 1890. Da kin huta jiki ya huce, komai zai koma yadda yake, ba sabon rauni ba ne.

To, wai sanyi! Wallahi na gaji da wannan magana. Duk ƙafar da ta yi nauyi a garin nan sanyi ne, duk hannun da ya sanƙare sanyi ne. Mai lasifika a kan mota ya tsaya bakin kasuwa yana sayar da gari ɗaya na sanyin ƙashi, na basir, na shawara, mutane su zuba masa kuɗi. A dawo gida a tafasa ruwa, a tsoma tsumma a danna a ƙafar da ba ta ji sosai, har ta sale mai ita ba ta sani ba. A lulluɓe ta da bargo a yi mata sirace cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40. Ta fito ba ta iya tsayuwa, sai a ce ai sanyin ne ke fita, a ƙara wuta. Wasu har wanzami suke kira ya yi tsaga. Bayan wata biyu a kawo mana ita a kan katifa: cinya ta tsotse, agara ta ƙage, gwiwa ba ta miƙewa, ga gyambo a ɗuwawu, ga ciwon fitsari. Mafi yawan wannan ɓarna kwanciya da gashi ne suka yi ta, sai a ɗora wa cutar. Na san Hajiya don ƙauna take yi, amma a daina gashin nan yau. Ki zo da ita asibiti in yi mata bayani da bakina, kada ya zama ke ce kike musu da surukarki.

Ki yi motsinki bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi. Sha ruwan randa mai sanyi, ki jiƙa ɗankwali ki ɗora a wuya. Zauna a kujera mai ƙarfi wadda aka jingina da bango, ki miƙe tsaye ki koma, sau biyar, wani na kusa da ke. A zaune ki ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga gorar ruwa ta rabin lita da kowane hannu. Ki sa zani a tafin ƙafa ki jawo a hankali daƙiƙa 30, shi ke hana agara ƙagewa. Sannan ki bi bangon gida da sandarki, minti biyar. Abin da ake so a kai minti 150 ne a mako, amma a rarrabe, kuma sannu a hankali. In bayan awa biyu gajiyar ba ta sake ki ba, kin yi yawa, gobe ki rage.

Amma in sabon rauni ya zo ya wuce awa 24 bai tafi ba, ki nemi likitan jijiyoyinki. In da zazzaɓi, a fara gwada miki zazzaɓin cizon sauro da ciwon fitsari, don su ma suna tada alamun nan. Kuma maganin da aka rubuta miki a Yamai, ki ci gaba da shan shi.