Kamfani ya fake da "circumstances beyond our control": ina matsayin kuɗina?

Tambaya: Barista, na ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani kamfani zai kawo mini kaya, har na biya rabin kuɗi. Yanzu sun aiko wasiƙa cewa ba za su iya ba saboda "circumstances beyond our control", wai kuɗin dako ya tashi. Sun kuɓuta ke nan?

Amsa: Malam, da sauran magana. Circumstance na nufin halin da ya kewaye al'amari, kuma a takardun shari'a yawanci da jam'i take zuwa. Abin da suke cewa shi ne lamarin ya fi ƙarfinsu. Faɗar hakan a wasiƙa ba ta sauke musu nauyi.

Ka buɗe yarjejeniyar ka nemi sakin layin da ake kira force majeure. A nan ake jero abubuwa irin su gobara, ambaliya, yaƙi ko haramcin gwamnati. Kotunan da ke bin tsarin dokar Ingila ba sa faɗaɗa wannan jeri, kuma wanda ya fake da shi, shi zai kawo hujja cewa abin ya faru, shi ne ya hana aikin, sannan babu wata hanya mai ma'ana ta kauce masa. Duba kuma ko an gindaya wa'adin sanarwa, domin kamfanoni kan yi sakaci da shi su rasa kariyar. Sau da yawa ma sakin layin jinkiri kawai ya halatta, bai soke cinikin ba.

Idan babu shi, sai dai su ce yarjejeniyar ta mutu da kanta, kuma ƙofar nan ƙunci gare ta. A shari'ar Taylor da Caldwell ta 1863 an yarda, saboda zauren da aka yi haya ya ƙone ƙurmus. Amma da aka rufe mashigin Suwez a 1956, masu sayar da gyaɗa daga Sudan zuwa Hambog ta ƙasar Jamus sun ce zagayawa ta kudancin Afirka ta yi tsada, kotu ta ce su ɗauki asararsu, tun da hanya na nan. Tsadar dako ita kaɗai da wuya ta fitar da su.

Yanzu ka rubuta musu ka nemi su faɗi sakin layin da suka dogara da shi da hujjarsu, ka ba su wa'adi, misali kwana 14, su kawo kaya ko su dawo da kuɗi. Kada ka sa hannu kan sabon farashi kafin lauya ya gani, don yin haka na iya zama yafe haƙƙinka. In wa'adin ya wuce, kana iya sayen kayan a wani wuri da farashi mai ma'ana, ka ajiye rasit, ka nemi abin da ka biya da bambancin farashin. Kafin shigar da ƙara, ka duba ko yarjejeniyar ta wajabta zuwa wurin mai sasanci tukuna, da kuma dokar ƙasar da aka ce za a bi.