Amsa ga Alhaji kan maganar agabe da jemage

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na ga tambayarka tun da safe, ina gona ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce me ya sa manoman Meksiko ke barin wasu agabe su yi fure, alhali da zarar ya yi fure ya tashi aiki. To, gaskiya ne asara ce, amma bari in ba ka labarin.

Shi agabe, wannan mai faffaɗan ganye da ƙaya a baki, sau ɗaya tak yake fure a rayuwarsa, daga nan ya mutu. Shuɗin agabe da ake nomawa a jihar Jalisko ta Meksiko yana kai shekara 6 zuwa 8 kafin ya nuna. Duk zaƙin da ya tara a gindi, wannan dunƙulen mai kama da ƙatuwar abarba, shi zai zuba wa karan furen. Shi ya sa manomi da ya ga karan ya leƙo sai ya sare shi. Da gindin ake giyar tekila, Allah ya tsare mu, amma ana yin sukari mai ruwa da shi, ɗan uwansa sisal kuma igiya ake yi da shi a Tanzaniya da Barazil.

To tunda ba fure, ba iri. Sai su riƙa cire 'ya'yan da ke fitowa a gindi suna dasawa, kamar yadda muke yi da ayaba. Ka ga gona guda, uwa ɗaya ce aka yi ta maimaitawa. Cutar da ta kama ɗaya ta kama duka, kuma haka ta faru a ƙarshen shekarun 1990, ruɓa ta cinye musu gonaki masu yawa.

Nan jemage ya shigo. Akwai wani mai dogon hanci da ke zuwa cikin dare, ya cusa kai cikin furen yana lasar zaƙi, ya fito fuska duk garin fure, ya kai wa wani agaben can nesa. Wani masanin jemagu na babbar jami'ar Meksiko, Rodrigo Medellín, shi ya lallashi wasu manoma su bar kashi 5 cikin 100 su yi fure. Jemage ya samu abinci, gona ta samu iri mai jini daban-daban.

Ni dai a ganina biyar cikin ɗari ba ta yi yawa ba, Alhaji. An kira sallah, sauran sai anjima.