Amsar tambayar Mama kan gwajin aladu a mayanka

Barkanmu da yamma 'yan'uwa. Mama, na saurari tambayarki. Kin ce tunda zazzaɓin aladu na Afirka ba ya kama mutum, aladen kuma an riga an yanka shi, mene ne amfanin ma'aikatan dabbobi su zo mayanka suna ɗibar jini da saifa?

Gaskiyarki, ba ya kama mutum. Amma Mama, kin san yadda abin yake. Mai kiwo ya ga aladunsa sun daina ci, kunnuwa sun yi jawur, biyu sun mutu cikin dare, dillali yake fara nema kafin likita. Kafin gari ya waye an loda sauran an yi kasuwa da su, kasuwar aladu ta Katsit da ke kudancin Kaduna ko wata. To a ina cutar za ta bayyana? A hannun mahauci.

Idan aka farke ciki aka ga saifa ta kumbura ta yi baƙi, ƙoda da ɗigo-ɗigon jini, kaluluwa ta koma kamar gudan jini, to zargi ya ɗarsu. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, don akwai wasu cututtukan masu kama da haka. Sai a yanki ɗan kaɗan, a sa cikin ƙanƙara, a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. A can wani gwaji da ake kira PCR ke gano ƙwayar cutar kanta. In ta tabbata, sai a bi sawu: wace mota ta kawo aladen, daga wace kasuwa, daga garken wa.

Ciwon nan ba shi da magani fa. Tun 1997 yake addabar mu a Najeriya, kuma kun tuna 2020, yadda ya share dubban ɗaruruwan aladu a Oke-Aro, kusa da Legas. Ƙwayar tana yin watanni cikin nama ba ta mutu ba. Ruwan da kika wanke nama da shi, kika zuba wa naki a kwami, ya isa ya kawo miki ita gida.

Na san abin da ke tsorata mutane, a hallaka maka garke ba diyya, kuma wannan kukan yana kan gaskiya. Duk da haka ina roƙon mahautanmu, ku bari a ɗiba, ku faɗi inda kuka sayo. Ke kuma Mama, takalmin da kika je mayanka da shi, don Allah kada ya shiga wurin aladunki sai an wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.