Gangamau da kanwa ba sa ga maciji

Kana tambayata me ya sa ƙyallen da ka rina da gangamau ya koma ja da ka sa masa sabulu. Kai yaro, shekara biyu kana marinar nan, sai yau ka lura? Ku yaran yanzu hannu na cikin ruwa, ido na kan waya.

Abin da ke ba gangamau launinsa, 'yan boko na ce masa kurkumin, kuma bai cika wuce kashi 5 cikin 100 na busasshiyar saiwar ba. Ya fi son mai a kan ruwa, shi ya sa ruwan sanyi ba ya fito da shi. In ya haɗu da kanwa, toka ko sabulu sai ya yi ja. Tsoma shi a ruwan tsamiya ko lemon tsami, ya dawo rawaya a gabanka. Wannan wasa ne. Rana ita ce mugunsa, farfasa shi take yi, kuma abin da ta ci ya tafi ke nan.

Daka da dafawa ba zan tsaya koya maka ba, ko jaki ya iya.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo min shadda, ankon biki na mutum ashirin, wai rawaya yake so irin ta gargajiya. Na ce masa Alhaji, a shanya a inuwa, kada sabulun salo ya taɓa ta. Ya ce to. Ya ba ni rabin kuɗi, saura sai bayan biki. Alif ɗin da na sa ma daga aljihuna na saya, kwana huɗu ban yi wani aiki ba. Aka sha biki, aka ɗau hotuna, har yabo ya aiko min. Bayan sati biyu sai ga shi da ƙunshi, riguna duk dabbare-dabbare, kafaɗu sun koɗe. Ina shinshinawa na ji salo. Na jiƙa tsamiya a gaban mutane, jan ya ɓace, amma kafaɗun da aka bari kwana da kwanaki a kan katanga fa? Nan ya kama, yana ihu wai marini ya cuce shi. Dattawa suka ce in yi haƙuri. Cikon kuɗina har yau. Na gan shi bara a masallacin Juma'a, ya kau da kai.

Je ka wanke bahon nan, jiya na ga ka zuba ruwan toka a ciki.